Daji da Ƙarfe: Abin da Jinyar Baffana ta Koya Mini

A ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure akwai wata magana da kowa ya tashi ya tarar, kuma ba a cika yi mata musu ba: daji ba ya son ƙarfe. Wato in ciwon daji ya kama mutum, kada a yarda a yi masa allura, kada wuƙar likita ta kusanci wurin, don da zarar ƙarfe ya taɓa shi zai fusata ya bazu. Masu faɗin haka suna da shaidar da suke kafawa. Kusan kowane gida ya san wani da aka kai Kano da ƙafarsa, aka ciri nama a jikinsa, bai ga daminar gaba ba.

Ni ma na san ɗaya, maƙwabcin gonar Baffana. Abinci ne ya fara tsaya masa a ƙirji. Da fari nama, daga baya tuwo, har ya koma kunu da fura mai ruwa-ruwa. Aka shafe watanni ana jiƙe-jiƙe da turare, yana ta zubewa. Ranar da aka yanke shawarar kai shi birni, yawun bakinsa ma da ƙyar yake wucewa. Aka zura masa kyamara, aka ɗebi tsoka, sakamako ya ce daji ne kuma ya riga ya kusa toshe hanyar. Bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. A zaman makoki magana ɗaya ake maimaitawa ƙasa-ƙasa, cewa ƙarfe ya taɓa shi. Ban ji wanda ya lissafa watannin da bawan Allah ya yi yana ramewa kafin ya taka ƙofar asibiti ba.

Wannan mutuwar ce ta tsaya tsakaninmu da Baffa lokacin da tasa larurar ta taso.

Baffa ƙanen mahaifina ne, manomin rani tun yana saurayi. Yana cikin waɗanda suka ga zuwan ruwan Tiga da idonsu. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja manyan magudanai suka ratsa Kadawa da Garun Malam da Kura da ɓangaren Bunkure, ƙasar da a da take zaman jiran damina ta koma ana nomanta rani da damina. Shinkafa in ruwan sama ya sauka, alkama da hunturu, ga tumatir da albasa da masara. Amma manomin da ke kan wannan tsari ba shi ke da ikon lokacinsa ba, ruwa ke da shi. In layinka ya faɗo da dare, da daren za ka yi ban-ruwa. Sau tari Baffa sai an daɗe da yin isha'i yake shigowa gida, ya tarar da tuwon shinkafa da miya mai maiƙo da barkono, ya ci ya ƙoshi, ya miƙe a wurin. Ya sha taba a ƙuruciya, ya bari da ya dawo daga Hajji. Da girma ya zo sai ya rage shiga gona ya kama sayen shanshera yana kai wa masu injin casa a Kura. Aikin ƙarfi ya ragu, tumbi ya fito.

Ƙwannafi kuwa ya zame masa abokin zama tun ina yaro. Na saba ganin Inna, uwargidansa, tana jiƙa masa kanwa a kofi. Daga kanwa aka koma farin maganin nan na kwalba, daga nan sai omeprazole, wanda yake sha kwana biyu in abin ya matsa, ya ajiye da ya ji sauƙi. A gefe guda kuma ga haɗin maganin gajiya da ake ƙulla wa manoma a kemis, wanda galibi ba ya rasa diclofenac ko ibuprofen, magungunan da su kansu suke cin bangon ciki. Kowa a gidan ya tafi a kan cewa olsa ce. Abin da ya sauya lissafi shi ne da ya fara farkawa tsakar dare ruwa mai tsami ya taso masa har hanci, ga tari, ga dishewar murya da safe, kuma maganin ya daina riƙe shi. Wani ɗan'uwanmu ma'aikacin lafiya ya ce mutumin da ya haura shekara 50 yana fama da wannan shekara da shekaru bai kamata a ci gaba da yi masa magani a makance ba, a kai shi a duba da kyamara. Ni aka ɗora wa rakiya, don ni ne mai karatu a cikin 'ya'yan gidan.

Daga wajenmu zuwa birni ba nisa. Kura ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai daga Kano ba, kuma titin Zariya da muke hawa kullum da buhunan shinkafa shi ne ya bi ta ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ɗaya daga wuraren da ake wannan gwaji a jihar. Tsoro ne ke nisanta wurin, sai kuma kuɗi.

Likitan da ya gan mu ya ɗauki takarda ya zana mana abin da ke faruwa. Maƙoshi, bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki, tsawonsa kusan santimita 25 ne. A ƙarshensa akwai tsoka mai tsukewa da ke buɗe wa abinci ta rufe bayansa. In ta saki, ruwan tsamin ciki sai ya riƙa komowa sama. Shimfiɗar cikin maƙoshi irin ta cikin baki ce, ba a halicce ta don jure wannan tsamin ba. A jikin wasu mutane, in ƙunar ta yi shekaru tana maimaituwa, ƙasan maƙoshin sai ya sauya shimfiɗa, ya ɗauko irin ta hanji. Wannan sauyin ba daji ba ne. Sai dai a jikin 'yan ƙalilan, daga shi ne ƙwayoyin halittar wurin suke fara karkacewa mataki-mataki har su kai ga dajin.

"Baba," in ji shi, "kyamara za ta nuna mini launi da siffa. Amma in na ga inda ya canza, sai na ɗebi ɗan kaɗan an duba."

"Da me za ka ɗiba, Likita?"

Ya sa aka kawo abin. Doguwar waya ce siririya, a bakinta wani ɗan mitsitsin hantsaki mai buɗewa da rufewa. Na ga fuskar Baffa ta sauya.

"Ƙarfe ne," ya ce.

"Ƙarfe ne, Baba."

Har yau ina ganin girman likitan nan saboda bai ɓoye ba, bai kuma yi dariya ba. Sai ya tambayi sana'ar Baffa. Da ya ji sayen shanshera ne, ya gyara zama.

"In aka kawo maka buhu a ɗinke, kana biya don ka ga buhun sabo ne?"

"Haba Likita. Ai sai na soka na gani."

"Wuri ɗaya kake sokawa?"

"Ina! Sama da tsakiya da ƙasa. Akwai masu zuba mai kyau a baki, su cusa jiƙaƙƙiya da ƙaiƙayi a tsakiya."

"To Baba, in ka zaro ka ga ruɓaɓɓiya, sokawar ce ta ruɓar da ita, ko a haka ta tarar da ita?"

Baffa bai amsa ba, bai kuma yarda a ranar ba. Ya ce zai koma gida ya yi shawara. A gida Inna ta kafe a kan ba za a taɓa mata miji ba, tana ambaton maƙwabcin nan, kuma ban ga laifinta ba, don ita ta yi zaman jinya da matarsa. Baffa ya yi istihara. Bayan kwanaki ya aiko a kira ni ya ce, "Ɗana, ka karɓo mana rana."

Abin da na fara koya ke nan. Ba a cire wa dattijo tsoro da faɗa ko da turanci. Da mun ce masa maganar ƙarfe camfi ce kawai, da mun rasa shi a nan, domin ya ga gawa. Abin da yake bukata shi ne a nuna masa cewa abu biyu na iya biyo juna ba tare da na farkon ya haifi na biyun ba. Tsokar da ake cira daga saman shimfiɗar maƙoshi ba ta yaɗa daji. Maƙwabcinmu ya je ne bayan ciwon ya gama aikinsa, gwajin ya faɗi sunan abin da ya riga ya ci shi, sai aka ɗora wa gwajin laifi. Haka kowace irin wannan mutuwa take ƙara hana na gaba zuwa da wuri, shi ma ya je a makare, shi ma ya zama shaida.

Aikin kansa bai kai yadda muka zata ba. An ce kada ya ci komai tun dare, wanda bai dami mai azumin Litinin da Alhamis ba. Aka fesa masa wani magani mai ɗaci a maƙogwaro don wurin ya mutu, ya kwanta ta gefen hagu, aka sa masa roba a tsakanin haƙora, aka zura bututun mai kaurin kusan santimita 1. Kafin in gama zaman zullumi a benci an fito da shi yana goge ido, yana cewa yunƙurin amai ne kawai ya wahalar da shi, cirar naman ko jin ta bai yi ba. Likita ya nuna mana hotunan. Daga sama shimfiɗar fara-fara ce mai santsi, sai can ƙasa ga wasu jajayen harsuna sun taso daga bakin ciki sun hau sama wajen santimita 3. Ya ce wannan ne abin da ake kira maƙoshin Barrett, sunan wani likitan tiyata, Norman Barrett, haifaffen Ostareliya da ya yi aiki a Landan. A 1950 ya rubuta a kansa, yana zaton ɓangaren ciki ne ya jawu sama. A 1953 Philip Allison da abokin aikinsa suka nuna cewa maƙoshin ne da kansa, ba ciki ba, sunan dai ya zauna a kan na farkon.

Ba wuri ɗaya ya ɗiba ba. Ƙa'idar da likitocin duniya suke bi, wadda ta samo suna daga birnin Siyatil na Amurka, ita ce a ciri tsoka daga kusurwa huɗu na bututun a kowane santimita 1 zuwa 2 na wurin da ya canza, sannan duk wani ƙullutu ko miki a cire nasa daban. Dalili shi ne karkacewar ba ta mamaye wurin gaba ɗaya, tana iya maƙalewa a wani ɗan lungu da ido ba zai bambance shi da maƙwabcinsa ba.

Daga nan aka miƙo mini 'yan kwalabe in kai ɗakin gwajin tsoka. Na ɗaga ɗaya na duba. Ruwa ne garai, a ƙasansa wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare, kowanne bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Duk rigimar da aka yi a gidanmu, da kukan Inna, a kan waɗannan ne. Ruwan fomalin ne, shi ke hana naman lalacewa. A layin miƙawa na haɗu da wata baiwar Allah da ta kawo na mahaifiyarta daga wani wuri daban, an sa mata shi cikin ruwan da ba shi ba ne, ya kwana biyu a hanya. Aka ce ya lalace, sai an sake cira. Na ga yadda ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Tun ranar nake gaya wa duk wanda zai raka majinyaci cewa wannan ɗan tsakanin aikinsa ne, ba na likita ba: ya duba ko sunan da ke jikin kwalba na majinyacinsa ne, ya tambaya ko fomalin aka zuba, ya miƙa a ranar, ya riƙe lambar da aka ba shi kamar yadda yake riƙe takardar gona. Kuma ya tanadi kuɗin gwajin tsoka daban da na kyamara, don ba haɗe suke ba. Mu buhunan shanshera muka fitar.

Jiran sakamako ya fi aikin kansa nauyi. A lokacin ne na nemi sanin abin da ke jawo jinkirin, kuma sanin ya rage mini zargi. Sai naman ya jiƙu a fomalin, a tsane ruwan jikinsa, a daskarar da shi cikin kaki, sannan a yanka shi da inji falle-falle, kowane falle kaurinsa kashi 3 zuwa 5 ne in an raba milimita ɗaya gida 1,000. A shimfiɗa a gilashi, a rina da rini iri biyu. Ɗaya, wanda ake samowa daga wani itace na Amurka ta Tsakiya, yana mayar da cibiyar kowace ƙwayar halitta shuɗiya mai duhu, ɗayan yana ba sauran jikinta launin hoda. Sai likitan da aikinsa ke nan ya zauna a gaban madubin da ke ƙara girman abu. Mutum ne da Baffa bai taɓa gani ba, shi ma bai taɓa ganin Baffa ba, amma hukuncin a hannunsa yake. Yana neman ƙwayoyin irin na hanji, waɗanda ke tabbatar da cewa shimfiɗar ta sauya. Sannan ya duba tsarinsu. Lafiyayyu a jere suke, cibiyoyinsu ƙanana, kowace a gindin ƙwayarta. In karkacewa ta fara, cibiyoyin sukan kumbura su yi duhu, su cunkushe, su hau kan juna, jerin ya watse. Wannan ne likitoci ke kira disfilasiya, kuma suna raba ta ƙarama da babba. Bayan babbar sai dajin kansa, lokacin da ƙwayoyin suka keta iyakarsu suka nutsa cikin naman da ke ƙasa.

Takardar Baffa ta fito da abin da ba mu shirya masa ba. Ta tabbatar da Barrett, ta ce babu daji, amma game da karkacewa ta ce ba a iya yanke hukunci ba saboda kumburi ya yi yawa. Ran Baffa ya ɓaci ƙwarai.

"An ci kuɗina, an cire mini nama, sannan a ce ba a tabbatar ba?"

Ni ma a ranar na ji zafin abin. Daga baya na fahimci cewa wannan amsar ta fi kowace amsa nuna amanar wanda ya rubuta ta. Shimfiɗar da tsami ya ƙone, tana ƙoƙarin warkewa, ƙwayoyinta kan yi kama da masu karkacewa, har ƙwararru su ruɗe. A wani bincike da aka yi a Holan aka buga a 2010, an ɗauko gilasan mutanen da aka riga aka ce suna da ƙaramar karkacewa aka ba ƙwararrun fannin su sake dubawa. Kashi 85 cikin 100 aka sauko da su, wato ko dai babu karkacewar, ko ba za a iya tabbatar da ita ba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce duk inda aka ambaci karkacewa a maƙoshin Barrett, likita na biyu ya sake duba gilashin. Haƙƙin majinyaci ne ya nemi haka, kuma ba rashin kunya ba ne. Gilashin da kakin suna nan a ajiye, ba sai an sake cirar nama ba.

A wajen Baffa shawarar ita ce a kashe kumburin tukuna. Omeprazole safe da yamma, rabin awa kafin abinci, kullum ba fashi, na tsawon watanni, sannan a sake zura kyamara. Ya bar haɗin maganin gajiya. Ya ci abincin dare da wuri, a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin da kwanciya. A ɗaga kan gadonsa da bulo, don tara matashin kai ba ya yi, lanƙwasa ciki kawai yake. Ya rage tumbi. A takarda duk wannan mai sauƙi ne, amma a gidan manomin rani sai da aka sauya tsarin girki. Inna, wadda ta fi kowa adawa da gwajin, ita ta ɗauki wannan a wuyanta. Ta koma sauke tuwo kafin magariba, ranar ban-ruwan dare kuma a kai masa gona da la'asar sakaliya. Da azumi ya zo aka mayar da maganin kafin buɗa-baki mai nauyi da kafin sahur, aka kuma hana shi komawa barci nan take bayan asuba.

Komawa ta biyu ta fi ta farko wuya. Gari ya ɗauka cewa ai ga shi nan, ƙarfe ya tayar da abin, shi ya sa suka sake kiran sa. Ranar kuma ta faɗo a tsakiyar kakar tumatir, lokacin da motoci ke layi a kasuwar Kwanar Gafan kuma ba mai son barin gona ko na yini ɗaya. Baffa ya ce a bari sai an gama. A nan ne na dage, na haɗa da yayan mahaifina, wanda Baffa ba ya iya yi wa musu. Na lura cewa a nan ne mutanenmu da yawa suke sulalewa. Sun yi jarumtar zuwan farko, sun ji sauƙi da magani, sai takardar komawa ta shige ƙarƙashin katifa. Alhali jin sauƙin ƙwannafi ba ya nufin shimfiɗar ta koma yadda take. Magani yana kashe tsami, amma ba ya bayar da labarin abin da ƙwayoyin suke ciki.

Sakamako na biyu ya ce Barrett yana nan, karkacewa babu. Aka ce ya ci gaba da magani, ya dawo bayan shekara 3.

Ba na son wanda ya karanta wannan ya ɗauka duk mai ƙwannafi yana kan hanyar daji. Mafi yawansu ba su da Barrett, kuma mafi yawan masu Barrett har su koma ga Allah ba zai zame musu komai ba. Wani babban bincike a Denmak da aka buga a 2011, wanda ya bi mutum sama da 11,000 masu wannan larura, ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 1,000 ne yake kamuwa da dajin a kowace shekara. Haɗarin yana ninkuwa ne in an samu tabbatacciyar karkacewa, musamman babba. Kuma a wannan matakin akwai abin yi: ana iya feɗe wurin ko a ƙone shi ta cikin bututun kyamara, ba tare da an buɗe ƙirji ba, ko da yake ba ko'ina ake samun wannan aikin a ƙasarmu ba. Amfanin cirar tsokar ke nan gaba ɗaya, a gane waɗannan 'yan ƙalilan tun abin yana saman shimfiɗa.

Akwai kuma abin da likitan ya jaddada mini, wanda nake ganin ya fi shafar mutanenmu. Barrett ya fi yawa a tsakanin Turawa maza masu ƙiba. A Afirka, dajin maƙoshin da ya fi kisa wani iri ne daban, wanda ke tasowa daga asalin shimfiɗar, ba ruwansa da ƙwannafi. Shi ne ya ɗauke maƙwabcinmu. Ya fi ƙamari a gabashi da kudancin nahiyar, daga Habasha da Kenya zuwa Malawi da Afirka ta Kudu, da kuma arewacin Sin da Iran. Taba da giya ne a gaba cikin masu jawo shi. A 2016 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da asubar hunturu a bakin kanal ya san yadda muke kurɓar shayi da koko suna tururi. Masu bincike a gabashin Afirka suna kuma zargin hayaƙin itace, abin da ke sa ni tunanin matanmu masu turara shinkafa, da suke yini a kan manyan tukwane.

Shi ma wannan irin yana da matakin gargaɗi da ake iya kamawa. Ana fesa ruwan aidin a cikin maƙoshi lokacin gwajin kyamara. Lafiyayyen wuri sai ya rine ya yi ruwan ƙasa mai duhu, wurin da ya karkace kuwa ya ƙi karɓar rinin, ya fito fili, a ciri tsoka a nan. A gundumar Linshiyan ta ƙasar Sin an bi irin waɗannan mutane tsawon shekara 13. Cikin masu ƙaramar karkacewa kashi 24 cikin 100 suka kamu da daji, masu matsakaiciya kashi 50, masu babba kashi 74. A asibitin Tenwek na Kenya kuma an gwada mutanen da ba sa jin ciwon komai, aka samu karkacewar a jikin kusan mutum 1 cikin 7. Alhamdu lillahi, alƙaluman Afirka ta Yamma ba su kai na can ba, amma namu alƙaluman waɗanda suka isa asibiti kaɗai suke ƙirgawa. Saboda haka wanda abinci ya fara tsaya masa, ko yake ramewa ba dalili, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ba mai jiran a gama girbi ba ne, kuma ba kemis ne wurinsa ba. Ina roƙon masu kemis na garuruwanmu, waɗanda su ne farkon wanda manomi ke gani, su riƙa yin waɗannan tambayoyin kafin su ƙulla omeprazole karo na goma ga mutum ɗaya.

Wata hanya da na karanta ta ba ni fata. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, Farfesa Rebecca Fitzgerald da abokan aikinta sun ƙirƙiro wani ɗan soso da ake cusawa cikin ƙwayar magani mai zare. Mutum ya haɗiye, ƙwayar ta narke a ciki, a jawo zaren, soson ya kwaso ƙwayoyin halitta daga bangon maƙoshi. A gwajin da aka buga a 2020, wanda ya ƙunshi mutum sama da 13,000, an gano masu Barrett kusan ninki 10 fiye da yadda aka saba. Ma'aikaciyar jinya tana iya yin sa a ƙaramin asibiti cikin 'yan mintuna. Wanda nasa ya nuna alama dole dai a zura masa kyamara a ciri tsoka, amma da irin wannan zai iso ƙananan asibitocin Bunkure da Kura, da an san wa ya kamata ya hau mota zuwa birni.

Baffa yanzu ya zama mai yi wa wasu bayani a majalisar ƙofar gidansa, kuma ya fi ni iya shawo kan tsaransa. Cikin waɗanda suka saurare shi akwai amininsa, mai noman alkama a wajen Kadawa, wanda shi ma ya daɗe yana shan kanwa. Ya je, aka zura masa kyamara, maƙoshinsa lafiya lau. A cikinsa ne aka ga ja da kumburi, aka ciri tsoka a can, gwaji ya nuna ƙwayar cutar nan ta Helicobacter pylori mai jawo gyambon ciki, wadda ta yi yawa ƙwarai a ƙasarmu. Aka haɗa masa magunguna na mako 2, aka ce ya shanye su duka ko da ya ji sauƙi, ya kuma dawo a gwada ko ta mutu. Ɗansa ne ya raka shi, kuma kafin su tafi ya zo wajena na nuna masa yadda ake duba suna a jikin kwalba da inda ake karɓar lamba.